Dajin Aro

Sun ba ni kujera da riga mai maɓalli,
suka ce: Tanimu, kwana ashirin ne,
kada hannu ya taɓa, kada yaro ya jingina.
Ni da na tsufa a gadin buhunan gyaɗa a Zango,
yau ga ni ina gadin duwatsun Amirka.

A akwati suka zo, a naɗe kamar jarirai.
Mushe Lawali ya karanto mana ƴar takardar gefe:
wannan na wani likita ne, a falonsa yake kwana,
wancan wata tsohuwa ce ta ba da aro,
in an gama a mayar mata.
Ashe ana aron daji kamar tabarmar suna?
Ashe mutum ɗaya kan mallaki faɗuwar rana,
ya kulle ta a ɗaki in zai yi tafiya?

Akwai guda a bangon gabas.
Ruwa ne ke zubowa daga bakin dutse,
fari fat, kamar an warware rawani daga sama,
ba bokiti a ƙasa, ba jarka, ba layi.
Kuluwa mai ƙosai ta shigo neman inuwa,
ta tsaya gabansa, leɓenta na lissafi.
Tun asuba famfon unguwarsu ke tari, bai tofa ba.
Ta ce, "Wa ke ɗiba?"
Na ce, ba kowa.
Ta ce, "Almubazzaranci,"
ta gyara ɗaurin zane ta fita.
Washegari ta dawo. Ranar akwai hadari, ba rana.

Ran Alhamis Agali ya biyo daga kasuwa,
takalmansa a hannu kamar mai shiga masallaci.
Ya bi su ɗaya bayan ɗaya,
irin bin mai cigiyar akuya.
Itatuwa masu tsini da ban san sunansu ba,
ƙanƙara a kan tsauni, barewa tana shan ruwa ba ta waige.
Ya ce, "Ina mutanen?"
Mushe Lawali ya ce jeji ne, ƙafa ba ta taɓa taka shi ba.
Amawalin Agali ya motsa, dariya ce a ciki.
"Haka baƙi ke cewa da Tenere,
ni kuwa kowace rijiya na san wanda ya haƙa."
Ya miƙa yatsa, na yi gyaran murya, ya tsaya a iska:
"Nan an taɓa hura wuta.
Ciyawa ba ta yin da'ira a banza.
Ko mai zanen ya jira sun tashi,
ko kuwa an tashe su."

Tun ranar, in na kashe fitilu,
sai in ji kamar ana raɗa a bayan itatuwan.

Da yamma nakan bi ta duwatsun Birni.
Namu ba ƙanƙara, ba barewa:
awaki ne, da baƙar leda, da shanyar wata,
da yaro can a ƙololuwa yana kiran ƙaninsa.
In an zana su, ban san wa za a goge ba.

Saura kwana uku a mayar da ruwan akwati.
Kuluwa ta tambaye ni me za a bar mana.
Na duba bangon.
Na ce, ƙusoshi.