Kofi Mara Hannu

A Valparaíso gidanmu yake,
can saman tudu, inda matakala ɗari da tara
ke karɓar haraji daga gwiwar kowa.
Nan mahaifiyata, Nélida Barría,
ta rubuta littattafai goma sha ɗaya
a kan teburin da muke yanka albasa.

Girgizar ƙasa ce ta miƙa mata alƙalami.
A daren, kabad ya amayar da duk tangaran,
da asuba muka tsinci kofi uku, ɗaya babu hannu.
Maƙwabta na ta salallami a kan titi,
ita kuwa ta ciro labule ta shimfiɗa a ƙasa,
ta ce yau liyafa za mu yi,
kowa ya sha shayi da abin da ya samu.
Baba ya sha nasa a gwangwanin kifi.
Ta rubuta wannan, ta kai wa jarida,
suka biya ta kuɗin burodin kwana huɗu.

Daga nan fa sai kowace Asabar:
yadda ake mai da hudajjiyar tukunya gidan fure,
irin rawar da ta dace da shanya,
dalilin da ya sa Laraba ma ta cancanci kyandir.
Masana suka taɓe baki,
wai ƙasa na ci da wuta, ita tana zancen lemon tsami.
Ta yanko sharhin nasu, ta naɗe ɓawon dankali a ciki.

Ni ce yarinyar shafi na arba'in,
mai dariya da garin fulawa a hanci.
Ba ta rubuta cewa na sha kuka kafin a ɗau hoton ba,
ko cewa kek ɗin ya ƙone ta gefe,
sai da muka juya shi ya fuskanci bango.
Shekara goma ina riƙe da ita a rai.
Na ce, Mama, ƙarya kike sayarwa.
Ta ce, a'a Fresia, zaɓe nake yi,
kowa ya je kasuwa, ba duka yake kwasowa ba.

Wasiƙu suka riƙa hawo mana matakala,
daga Arica, daga Chiloé, daga matan masunta.
Wata ta ce ta shafa wa ƙofarta rawayan fenti
bayan teku ya ƙi maido mata da miji.
Mai kawo wasiƙa yakan zauna yana haki,
ya ce ko a ƙara masa albashi,
ko a rage mata masoya.

Da Baba ya rasu,
shekara biyu injin buga rubutu na lulluɓe da tawul.
Sai ga na ƙarshe ya fito, ɗan siriri,
a kan girkin mutum ɗaya.
A ciki ta ce, ka ɗora faranti a tebur ko kai kaɗai ne,
kada ka ci a tsaye kamar ɓarawo a gidanka.
Shi ne bai yi kasuwa ba.
Shi ne kuma yake gefen gadona.

Yanzu shekarunta tamanin da shida.
Sunaye na zube mata kamar maɓallan tsohuwar riga,
jiya da sunan ƙanwarta ta kira ni.
Da yamma nakan tura kujerarta bakin taga,
jiragen ruwa na shigowa ɗaya bayan ɗaya,
in karanta mata labarin labule da gwangwani.
Sai ta kasa kunne, ta yi dariya har da tari,
ta ce, kai, wannan mata ta iya zaman duniya,
wace ce?
Na ce, wata maƙwabciyarmu ce.
Ta ce, to gayyato ta shan shayi mana.
Ki ba ta kofin nan mara hannu,
ya fi ɗumama yatsu.