Littafin Bappayo da Bargon Goggo

Daren jiya sanyi ya sauka Dadin Kowa
kamar mai bin bashi, ko sallama babu.
Man shanu ya daskare a ƙoƙo,
kaji sun ƙi fita daga akurki,
ruwan buta ya ciji yatsun ladan.

Kawu Jungudo ya hauro daga bakin dam,
gora ba kifi, haƙora na karo da juna.
Ya tsaya a ƙofarmu ya ɗaga murya:
"Bappayo! Fito da littafin naka.
Ina ɗumamar da ake ta faɗa a rediyo?
Duniya na zazzaɓi, ni ina rawar ɗari.
Ko ni ba a cikinta nake ba?"

Mahaifina, shekara talatin da ɗaya
yana buɗe farin akwati mai tsaga-tsaga
a bayan ofishin noman rani.
Tara na safe, uku na rana,
ya duƙa, ya daidaita ido da ma'auni,
ya rubuta.
Ranar sunana ma sai da ya rubuta
sannan ya zo aka yanka rago.

Ya fito da littattafan, ɗaure da tsumma,
ya lashi yatsa, ya bi layi.
"Yau sha ɗaya. Ban musa maka ba.
Amma duba Afrilun da aka haifi Dija,
duba na bara, duba na bara waccan.
Kai masunci ne, Jungudo.
In ka ciro giwan ruwa guda yau,
sai ka ce kifi bai ragu a Gongola ba?"

Kawu ya miƙa tafukansa ga garwashi.
"Gara ta cinye maka shekara huɗu,
ga gurbinsu nan, ina gani.
Kuma akwatin naka, da yana tsakiyar darbejiya,
yanzu kwano ta gabas, kwalta ta yamma,
injin casar shinkafa na yi masa huci.
Zafin gari ka auna, ka ce na duniya."

Mahaifina ya yi shiru.
Na san shirun, na wanda aka taɓa wa miki ne.
Can ya ce, "Wannan ka faɗi gaskiya.
Shi ya sa ba a dogara da ni kaɗai.
Akwai irina a wuraren da ba kwano,
kan duwatsu, tsakiyar teku,
ba mu san juna ba,
amma alƙalumanmu hanya ɗaya suka kama."

"Ka gan su?"
"Ban gan su ba."
"To."

Sai Goggo Adda, da ke tankaɗe a gindin rumbu,
ta kaɗe rariya ba ta ɗago ba:
"Bargon da ke kafaɗarka, Jungudo,
ni nake fito da shi, ni nake mayarwa.
Da aka kawo ni gidan nan
tun ana yankan dawa yake waje
har mangwaro ya zubar da fure.
Bara kwana tara ya yi.
Bana jiya na ciro shi,
shaƙi ka ji, warin akwati bai sake shi ba."

Kawu ya kai hanci. Bai ce komai ba.
Mahaifina ma bai yi murmushin nasara ba,
ya dubi bargon kamar shafin da ya tsallake.

Hantsi ya ɗaga, man ya narke a ƙoƙo.
Kawu ya ninke bargo ya nufi kwalekwale,
yana cewa, "Ni dai na ji sanyi."
Mahaifina ya nemi biro a aljihu,
ya rubuta sha ɗaya,
a gefe kuma, da ƙananan baƙaƙe:
bargo, dare na farko.