Sunana Biyu

A takardar Damagaram, ni ce Saratou Chaibou.
A fom ɗin Kano, yaron kafe na Kabuga
ya buga Saratu Shu'aibu, bai ko ɗago kai ba.
Ya ce nan haka ake rubuta shi.
Ɗari biyar na biya shi, ya raba ni biyu.

Jami'in ɗaukar ɗalibai ya jera takardun bisa tebur,
ya dubi wannan, ya dubi waccan.
"To wace ce ke a cikinsu?"
Da Hausa ya tambaye ni, Hausar da na sha a nono,
amma amsa, in ji shi, sai da Turanci,
da hatimi, da sa hannun kotu.

Shekara goma sha uku na yi a lakwal,
Mushe Abarshi na buga rula bisa allo,
har na iya yin mafarki da Faransanci.
Ina tsallako Kwangwalam
ya zama kuɗin da ba ya ci a kasuwar nan.
Sefa dai ana kai ta Wapa a canzo;
harshe ba shi da ɗan canji.

Sau biyu Turanci na kayar da ni a jarrabawa.
Na uku, na koma wajen Misis Okereke a Sabon Gari,
benci ɗaya da yaran da na girme wa da shekara shida,
suna dariyar yadda kalma ke maƙale mini a maƙogwaro.
Ita kan ce in sake. In sake. In sake.
Janareta ya mutu, mu ci gaba da fitilar waya.

Inna Dubu ta ce, me ya haɗa ki da aikin lauya?
Ga ɗinki, ga koyon jinya.
Ban ce mata komai ba.
Ita ba ta zo kotu ba ranar da aka kira Baba
a kan buhun wake ɗari da ashirin na Dawanau,
da takardar da ya dangwala wa yatsa
don mai ita abokin cin tuwonsa ne.
Lauya ya yi ta zuba, har ƙafata ta yi tsami.
Tafinta ya juyo, ya taƙaita:
"An ce ka yi haƙuri."
Tun daga ranar nake neman sauran maganar.

Yau ga ni a Gyaɗi-Gyaɗi, layin masu rantsuwa,
gabana mai canjin shekarun haihuwa,
bayana wanda takardar filinsa ta ƙone.
Ni na zo in rantse ni ce ni.

Mai keken rubutu ya miƙo takarda, ya ce sa hannu nan.
Yatsana ya tsaya.
Na bi layi ɗaya-ɗaya, leɓena na motsi,
yana ta ƙwanƙwasa biro.
A layi na huɗu na ce, "Malam,
nan ka mai da ni namiji.
Nan kuma ka haife ni a Daura."
Ya karɓa, ya ƙura ido, ya yi tsaki,
ya zare sabuwar farar takarda.
Mai filin nan ya taɓa gefen mayafina:
"Baiwar Allah, in kin gama, duba mini tawa."

Na duba masa.

Sunaye ba su fito ba tukuna.
An ce ƙarshen wata, an ce kuɗin baƙi daban ne,
an ce gurbin shari'a ko ɗan gari sai ya yi da gaske.
Na shiga adaidaita, hadari ya haɗo ta gabas,
fayil ɗin na cikin leda, ledar na cikin hijabi,
Saratou da Saratu kwance a shafi ɗaya,
hatimi bai gama bushewa ba.