Mai Awon Rufi

Sun ba ni igiyar awo da kaye da bik,
suka ce, "Lawali, bi gida-gida.
Inda ruwa ya sauka ya rasa ƙasar shiga,
nan bashi ya soma."

Kwana uku majalisa ta yi a zauren lameri
tana gardama kan dala biyu.
Wani ya ce kowace ƙofa jika guda, a huta.
Wani ya miƙe, hula a hannu:
"Wanda ya malale tsakar gida da siminti
da wanda akuyarsa ke kwana bisa rairayi,
ɗaya suke?"
Da la'asar ta uku aka tsai da magana:
kwano dala huɗu kowane metir,
siminti uku, laka ɗaya.
Ƙasa tsirara ba ta biya,
ita tana sha.

Kai, Damagaram!
Wata tara muna kiran ɗan garuwa,
muna jera bido tun asuba gaban famfon da ke tari,
watan takwas ya kama
mu koma biyan kuɗin korar baƙon
da muka fita bayan gari roƙo.

Alhaji Kanta, a tudu, ya sa aka dafa mini shayi.
Metir ɗari uku na samu a kansa, ban da rumfar mota.
Ya ce, "Rage mini, yaro,
ruwana ko kwana ba ya yi a nan."
Na ce, "Ranka ya daɗe, ai zancen ke nan.
A Garin Malam yake kwana,
ƙarƙashin gadon wata."

Watan ita ce Habsu mai ɗinki.
Bara katanga ta kwanta bisa kekenta,
har yau tsatsa na cin ƙafarsa.
Ta nuna mini tano biyu bakin indararo,
randa huɗu a jere, kowace da faifai.
"Ruwan rufina bai san titi ba.
Da shi nake wanki har kaka.
Nawa zan biya kan abin da na kama?"
Na duba kaye.
Babu gurbin wanda ya kama.
Na rubuta a gefe, da ƙananan baƙaƙe,
ko wani zai gani a biro.

Ta raka ni ƙofa, ta tsaya kan kanibo,
cike yake da leda da yashi da takalmi wari guda.
"Na bana kuma, ina zai kwana?"
Na karanta mata abin da aka lika a bango:
amalanke goma sha biyu, shebur arba'in,
ladan samari masu yasa.
Ta ce, "In na ga amalanke na gaishe shi."

Da yamma na hau duwatsun Birni,
rufi mafi girma a garin nan,
ba ya shan ko cokali, duk zubarwa yake.
Na kafa igiya, ta ƙare, dutse bai soma ba.
Sunan wa zan sa?
Abin da ya zubar, a kanmu za a raba,
mai tudu da mai kwari.

Gabas ta haɗe rai lokacin da na iso gida.
Na kira Rakiya ta riƙe mini bakin igiya.
Metir arba'in da biyu, kwano zalla,
wanda na yi shekara shida ina tara kuɗinsa.
Ta ce, "Baba, sa arba'in mana, wa ya gani?"
Na sa arba'in da biyu.
Ɗigon farko ya faɗo kan biyun, tawada ta baje.
Na cusa kaye cikin riga,
na ce ta ruga ta kawo bokiti.