Littafi Mai Yankakken Wutsiya

A Kejetiya na saye shi, sidi huɗu,
ƙarƙashin tulin tsofaffin kalanda.
Bango babu, ƙarshe babu,
ɓera ya cinye sunan marubucin.

Na kai shi shagona a Aboabo.
Da aka ɗauke wuta, keken ɗinki ya yi shiru,
na kunna fitilar waya, na buɗe.
Sai ga ganuwa ta miƙe tsakanin almakashi da zare,
ga Magajiya Dunduma bisa soro
tana ƙirga rumbunan da suka rage,
wata bakwai ke nan maƙiya sun kewaye birni.

Ni da ko akuya ban taɓa mallaka ba
na kwana ina lissafin gero,
yadda zai ishi baki dubu tara.

Dare na biyu Baba Salifu mai goro ya jawo benci.
Na uku Rahinatu ta baro tukunyar wake,
ludayi a hannunta, ta tsaya bakin ƙofa.
Har Kwaku direba, da Hausarsa ta tasha,
yakan tare ni: "Wazirin nan ɓarawo ne, ko?"
Na ce bari dai mu gani.
Ya ce shi ya gani tuni, idon kwandastansa ne da shi.

Me ya haɗa mu da su, oho.
Ko don mai gadon hauren giwa ma
juyi yake yi da dare kamar wanda haya ta cim masa.
Ko don a can, in an ci amanarka,
tambari ake bugawa gari ya ji,
nan kuwa wayarka kawai ake daina ɗauka.

Dare na tara, waziri ya durƙusa,
ya miƙa mata ƙoƙon zuma.
Ta karɓa. Ta ɗaga. Ta kai shi baki.
Na juya shafi,
sai tafin hannuna na gani.

Rahinatu ta ce wallahi ba ta sha ba,
macen da ta san murhu ta san warin guba.
Baba Salifu ya ce ta sha mana,
mulki goro ne, mai shi ke tauna ɗacinsa.
Kwaku ya ce a koma a karɓo kuɗinmu.

Na koma. Mai littattafai ya sosa ƙeya,
ya ce yagaggun takardu masu gyaɗa ke kwashewa.

Tun ranar nake sayen gyaɗar da ba na marmari.
Ina warware ƙunshi a hankali, ina lallashe shi a gwiwa.
Na samu takardar kuɗin ruwa,
na samu jarrabawar wani yaro, uku cikin goma,
na samu rabin wasiƙa zuwa Tamale.

An dawo da wuta, keke na ta kuka,
ina kafa hannun rigar wani ango.
Ita kuwa tana can bisa soro,
ƙoƙo a leɓe, shekara guda cur,
babu wanda ya ce mata sha,
babu wanda ya ce mata ajiye.
Hannunta nake tausayi.