Musu a Gindin Bedi

Jiya da la'asar na bi ta Bagalam,
babur ya mutu daidai ƙofar makarantarmu,
kamar ya san inda ake bina bashi.

Katangar ta gajarta, ko ni ne na yi tsawo.
Bedin yana nan,
sai dai an sare reshen da muke rataya jaka.

Shekara bakwai na yi a nan.
Da sassafe Larabci, daga dama zuwa hagu,
da hantsi Faransanci, daga hagu zuwa dama.
Kayena guda ne, baba ba shi da kuɗin biyu,
sai na soma fiƙihu daga baya, lissafi daga gaba,
har wata Laraba suka yi kiciɓis a tsakiya:
hukuncin taimama ya dafa kafaɗar alwatika,
ba wanda ya ce wa wani matsa.

Ustaz Laminu, alli a gemu,
agogon hannunsa ya tsaya tun kafin a haife mu,
da inuwar bedi yake gane azahar.
Bai taɓa ɗaukar bulala ba, shirunsa ya ishe mu.
Yakan ce, wanda bai yi tambaya ba yau bai zo ba,
a rubuta shi cikin masu fashi.

Amma akwai Malam Tanimu a aji na kusa,
wanda na tambaya abu guda game da ƙaddara
ya tsayar da ni a rana har inuwata ta shige ƙafata.
Tambayar tana nan a maƙogwarona,
ta yi furfura tare da ni.

Sai Kalla, abokin musuna.
Littafi guda, tabarma guda, ƙuli-ƙulin dala biyu.
Ran da jar akuyar maigadi ta cinye shafin nahawu
mako guda muka yi muna ja:
wa zai biya, mai akuya ko mai sakaci?
Na ce mai akuya. Ya ce dabba ba ta da alƙali.
Muka kawo hujja daga littafi, daga kakanni, daga kasuwa,
akuyar na gefe tana tuƙa,
ta fi mu sanin ɗanɗanon mas'alar.

Bayan shekara ashirin, wajen haƙa rijiyar burtsatse a hanyar Dakoro,
na yi aiki da wani baƙo, Natan, Bayahude,
'yar hularsa kamar murfin tulu,
ranar Asabar ko ƙusa ba ya taɓawa.
Wani dare muna shan shayi ya ba ni labarin tasu makarantar,
can nesa, inda ruwa ke daskarewa a famfo:
bibbiyu suke zama, littafi a tsakani,
ɗakin yana tafasa kamar kasuwa ranar cinta.
Ya ce sun taɓa yin wata guda
a kan sa da ya tunkuyi saniyar maƙwabci.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Na ba shi labarin akuya.
Ba mu taɓo aƙida ba, kowa ya san alƙiblarsa.
Ya dai tambaye ni: ina abokin musun naka?
Na ce yana sayar da atamfa a Jibiya,
shekara goma sha ɗaya ba mu gaisa ba,
a kan wani rance da ni ma na manta adadinsa.
Natan ya juya kofinsa, ya ce nasa ya rasu.

Shi ya sa jiya ban tura babur ɗin da wuri ba.
Na tsaya gindin bedi,
yara na fitowa da kaye bibbiyu a hannu,
na lalubo lambar da na daɗe ina tsallakewa.

Ta yi ƙara sau huɗu.
Ko sallamata bai bari ta kai ƙarshe ba,
ya ce, Sha'aibu, har gobe mai sakaci ne zai biya.