Shimfiɗar Baƙi

A Kottayam, bayan gidan kakata Sosamma,
ruwan sama na dukan kwanon rumfa tun Laraba.
Ƙarƙashinta kwamin siminti, tsawon gado,
yau za mu yi wa baƙi shimfiɗa.

Ɓawon kwakwa ne farko, a kife,
don ruwa ya sami hanyar wucewa.
Sai zarensa da ya kwana uku a jiƙe,
ta ɗebo, ta matse a tafin hannu.
Ɗigo ɗaya ya faɗo. Na biyu ya tsaya yana shawara.
Ta ce, "Haka nake so, Kuriyan.
In ya zuba, sun nutse. In ya ƙi, ƙishi ya kashe su."

Kashin saniyar maƙwabcinmu Thankappan
mako biyu ke nan yana shan inuwa.
Ta cusa hannu har gwiwa, ta yi shiru
kamar mai duba zazzaɓin jariri.
Ya huce.
Ɗanye, in ji ta, wuta ce marar hayaƙi.

Busasshen ganyen ayaba na yayyanka,
ta daka ɓawon ƙwai ya koma gari.
Na kawo kwandon kicin, ta tsince shi tas:
ɓawon lemo waje, albasa waje,
barkono da ragowar kifi, rabon kaji.
Dusar shayi da ɓawon gwanda kaɗai suka tsira.

Sannan ta shiga ɗaka, ta daɗe.
Ta fito rungume da jaridun kakana,
na shekara goma sha ɗaya, ɗaure da igiya,
waɗanda ko ƙura ba ta bari a kaɗe musu ba
tun ranar da aka kai shi bayan coci.
A gefen wani shafi ga rubutunsa,
lissafin kuɗin roba da bai taɓa cika ba.
Na ce, "Kaka, wannan fa?"
Ta ce, "Yaga. Siriri-siriri.
Tana ba ta karatu."

Na yaga, ta jiƙa, muka barbaza.

Da yamma Thankappan ya iso da tukunya,
jajayen tsutsotsi cunkus, suna gudun haske.
Ta juye su a hankali, ba ta binne ba,
kowace ta nemi ƙofarta ta shige.
Muka rufa jiƙaƙƙen buhu,
muka cika kwatar kewaye da ruwa saboda tururuwa.

Kwana sittin, in ji ta,
sai ka zo ka ga abin da kakanka zai ce wa kuɓewa.